Amsoshin Wasiƙunku: Digiri na Biyu a Fannin Manufofin Gwamnati

Wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan sun fi karkata ga karatun gaba da digirin farko, musamman fannin nazarin manufofin gwamnati, wanda sunansa ya fara yawo a bakin matasa da ma'aikata. Mun zaɓi biyar daga ciki, mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a ma'aikatar kasafi da tsare-tsare ta jiharmu, kuma kimiyyar siyasa na karanta a digirin farko. Ina so in koma karatu, amma na ga wata jami'a tana cewa MPA, wata MPP, wata kuma MSc. Shin duk abu ɗaya ne aka sauya wa suna? Wanne ya dace da ni? Daga wani ma'aikaci a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ba abu ɗaya ba ne, ko da yake suna maƙwabtaka, kuma sau da yawa malamai ɗaya ne ke koyar da su. Fannin gudanar da mulki, wanda MPA ke wakilta, ya fi damuwa da yadda ma'aikata ke tafiya: ɗaukar ma'aikata da horar da su, dokokin aiki, bin ƙa'idar kashe kuɗi, bayar da kwangila, da dangantakar babban sakatare da kwamishina. Fannin manufofi kuwa, wanda MPP ke wakilta, yana tsayawa ne a kan zaɓin da gwamnati za ta yi tun kafin fayil ya iso teburinka, wato wace matsala ce ake son warwarewa, hanyoyi nawa ne a gaba, nawa kowace za ta ci, wa zai amfana, wa zai cutu, kuma ta yaya za a gane bayan shekara uku ko abin ya yi aiki ko bai yi ba.

Ɗauki tallafin man fetur. A watan Janairun 2012 gwamnatin Goodluck Jonathan ta cire shi, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, aka yi yajin aiki da zanga-zanga, gwamnati ta ja da baya ta tsayar da farashi a naira 97. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin a jawabinsa na kama mulki, kuma wannan karon ba a koma baya ba. Ɗalibin kimiyyar siyasa zai tambayi dalilin da ya sa ƙungiyoyin ƙwadago suka iya tanƙwara gwamnati a karon farko amma ba su iya ba a na biyu. Ɗalibin gudanar da mulki zai duba yadda hukumomi suka raba kayan rage raɗaɗi da inda rabon ya karkace. Shi kuwa ɗalibin manufofi, abin da za a nema daga gare shi shi ne ya lissafa kason tallafin da ke zuwa ga masu motoci da janareto, da wanda ke isa ga mai hawa babur ko mai ban ruwa a fadama, ya kwatanta cirewa lokaci guda da cirewa sannu a hankali, sannan ya faɗi abin da ya kamata a tanada kafin ranar sanarwa. Bayan ya gama duk wannan, za a ce ya matse shi cikin takardar shawara mai shafi biyu wadda gwamna zai iya karantawa a mota. Iya rubuta wannan gajeriyar takarda yana daga cikin manyan abubuwan da ake koyarwa, kuma ya fi rubuta kundi mai shafi ɗari wuya.

Akwai dalilin tarihi da ya sa sunayen ke cakuɗewa a nan gida. Tsangayar mulki ta Kongo a Zariya ta samo asali ne daga cibiyar horar da akawu da aka buɗe a 1947, kafin ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma manufarta tun farko ita ce samar da ma'aikatan da za su riƙe ofisoshin gwamnatin Arewa da na En'e. Kwalejin horar da manyan ma'aikata ta ASCON da ke Badagry, wadda aka kafa a 1973, ita ma a kan wannan turba take. Digirin MPP kuwa a Amurka ya bunƙasa daga ƙarshen shekarun 1960, lokacin da gwamnatin ƙasar ta ƙaddamar da manyan shirye-shiryen yaƙi da talauci ta kuma shiga neman waɗanda za su auna mata sakamakonsu da alƙaluma. Saboda haka yawancin abin da ake koyarwa a jami'o'inmu ya fi nauyi ta ɓangaren gudanarwa, ko da an liƙa kalmar manufofi a jikin sunan digirin. Shawarata ita ce kada ka yanke hukunci da suna. Ka je sashen ka nemi jerin darussa, ka duba ko akwai tattalin arziki, da ƙididdiga, da nazarin kasafin kuɗi, da darasin auna tasirin shiri. Idan babu ko ɗaya daga ciki, to gudanar da mulki za ka karanta, kome aka rubuta a takardar shaida.

Batun MSc kuma ya danganta da inda ka dosa. Jami'o'in Najeriya sun raba digiri na biyu gida biyu: na ilimi, irin MSc, wanda ke da kundin bincike cikakke da kare shi a gaban malami daga wata jami'a, da na ƙwarewar aiki, wanda aka tsara wa ma'aikata, sau da yawa a ranakun ƙarshen mako. Mai niyyar digirin digirgir ko koyarwa a jami'a ya nemi na ilimi, domin jami'o'i da dama ba sa ba wa mai digirin ƙwarewa gurbin digirgir kai tsaye. Tunda kai a ma'aikatar kasafi kake, kuma ban ji ka ambaci koyarwa ba, kowanne daga ciki zai yi maka, matuƙar darussan da na lissafa suna ciki.

TAMBAYA: Aikin jinya na karanta, yanzu ina aiki a hukumar kula da lafiya a matakin farko. Abubuwan da nake gani a ƙauyuka suna sa ni son shiga inda ake tsara shirye-shirye, amma an ce mini sai wanda ya karanta siyasa ko tattalin arziki ake ɗauka, kuma gaskiya ina tsoron lissafi. Ina da dama? Daga wata ma'aikaciya a Katsina.

AMSA: Kina da dama, Malama, har ma kina da abin da yawancin abokan karatunki ba za su zo da shi ba. Makarantun da suka yi fice a wannan fanni suna ɗaukar likitoci da injiniyoyi da lauyoyi da malaman gona da 'yan jarida, domin wanda ya san yadda asibitin ƙauye ke wayar gari ba magani ya fi saurin gane inda tsari zai karye fiye da wanda ya karanta shi a littafi kawai. A nan gida sassa sun bambanta wajen sharuɗɗa, kuma wanda digirinsa ya yi nisa da fannin, ko mai babbar difloma, ko mai digiri mai daraja ta uku, galibi akan nemi ya fara yin diflomar gaba da digiri ta shekara ɗaya. Wannan shekara ba asara ba ce idan aka yi ta da gaske.

Amma ba zan ɓoye miki ba, lissafi yana nan, kuma duk makarantar da ta ce za ta ba ki wannan digiri ba tare da shi ba ta rage miki mudu. Sai dai ba irin lissafin injiniyoyi ba ne. Tambaya guda ce ke maimaita kanta a cikinsa: da ba a yi shirin ba, me zai faru? A ce an fara raba maganin cizon sauro kyauta a wata ƙaramar hukuma, bana kuma yaran da aka kwantar suka ragu. Hukuma za ta ce shirinta ne ya jawo haka, alhali mai yiwuwa damina ce ta yi sauƙi, ko an raba gidan sauro a daidai lokacin, ko kuwa iyaye ne suka daina zuwa asibitin saboda an sauya ma'aikacin da suka yarda da shi. Darasin ƙididdiga zai koya miki hanyoyin rarrabe waɗannan dalilai. Misalin da ake yawan koyarwa shi ne shirin Progresa na ƙasar Meziko, wanda aka fara a 1997, inda ake ba iyaye mata kuɗi bisa sharaɗin tura yara makaranta da kai su asibiti. Da yake ba za a iya fara shi ko'ina a lokaci guda ba, sai aka ɗauki ƙauyuka 506, aka yi ƙuri'a, 320 suka fara karɓa, 186 suka jira, ta haka aka samu abin kwatantawa na gaskiya. Irin wannan hanya ta gwaji ce ta sa aka ba Abhijit Banerjee da Esther Duflo da Michael Kremer kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019. Sai an gwada akan san na ƙwarai, in ji Hausawa, kuma wannan darasi tsara gwajin kawai yake koyarwa.

Duk da haka alƙaluma rabin aikin ne, kuma ke kin fi ni sanin ɗaya rabin. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin Arewa saboda zargin da ya bazu a kan maganin, ba don an rasa kuɗi ko magani ko hujjar kimiyya ba. Kano ba ta koma ba sai a tsakiyar 2004, bayan cutar ta riga ta tsallaka zuwa ƙasashen da suka rabu da ita. Abin da ya gyara lamarin daga baya ya haɗa da shigo da sarakuna da malamai da mata masu bi gida-gida, har aka kai ga shelar kawar da cutar daga nahiyar Afirka a watan Agustan 2020. Duk ajin da ake tattauna yadda kyakkyawar manufa ke faɗuwa a wajen aiwatarwa, irinki ake so a ciki. Haka kuma dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin asusun kula da lafiya a matakin farko, kuma bin sawun wannan kuɗi daga Abuja zuwa ɗakin shan magani na gundumarku bincike ne da zai ishe ki kundi.

Kafin ki nemi gurbi, ki ɗauki wata biyu ko uku kina koyon Excel sosai da tushen ƙididdiga, daga baya ki leƙa manhajojin ƙididdiga irin Stata ko R. Akwai darussa kyauta a intanet, kuma rahotannin da kike cikewa kowane wata a wurin aiki sun isa ki yi gwaji da su.

TAMBAYA: Na gama hidimar ƙasa bara, kuma wata jami'a a Ingila ta ba ni gurbin digiri na biyu a wannan fanni, amma ba tallafi. Mahaifina ya ce zai sayar da gonarsa ya biya. Zuciyata ba ta kwanta ba. Me kuke gani? Daga wani matashi a Zariya.

AMSA: Ɗan'uwa, Allah ya saka wa mahaifinka da alheri, amma ina ganin zuciyarka ta fi kusa da gaskiya. Kada a sayar da gonar. Dalilina na farko lissafi ne. Kuɗin makaranta kaɗai a fitattun wurare, irin makarantar Blavatnik ta Jami'ar Oxford, ya haura fam 40,000 a shekara, ban da masauki da abinci da biza da kuɗin inshorar lafiya, kuma ko ƙananan jami'o'i da suka fi araha nauyinsu ya ninka a naira tun da darajarta ta faɗi daga tsakiyar 2023. Wannan digiri kuwa aikin gwamnati da ƙungiyoyin raya ƙasa da cibiyoyin bincike yake kai mutum, kuma albashin matakin da za ka fara a gwamnati ba zai mayar da gona ba ko a shekara ashirin.

Dalili na biyu ya fi wannan muhimmanci a wurina. Karatu ne da ya fi amfanar wanda ya riga ya yi aiki ya ga matsala da idonsa. Idan malami ya kawo batun yadda kuɗin hukumar ilimin matakin farko ta UBEC ke zaune a asusu saboda jihohi ba su kawo nasu kason ba, kamar yadda dokar 2004 ta shar'anta, wanda ya taɓa zama a ofishin ilimi na ƙaramar hukuma zai ji abin a jikinsa ya kawo tambaya mai ma'ana, wanda bai taɓa ba kuwa zai rubuta a littafi ya haddace domin jarrabawa. Masu bayar da tallafi sun san haka, shi ya sa suka sa aiki a cikin sharuɗɗansu. Chevening ta gwamnatin Birtaniya, wadda ke biyan digiri na biyu na shekara ɗaya gaba ɗayansa, tana neman aƙalla shekara biyu ta aiki da alƙawarin komawa gida na shekara biyu bayan kammalawa. Tallafin haɗin gwiwa na Japan da Bankin Duniya yana neman shekara uku a aikin da ya shafi ci gaban al'umma. Jamus tana da shirin Helmut Schmidt a ƙarƙashin hukumarta ta tallafin karatu, DAAD, wanda aka ware musamman domin manufofin gwamnati da kyakkyawan shugabanci, kuma makarantar Willy Brandt da ke Erfurt tana cikin masu karɓar ɗalibansa. Gidauniyar Aig-Imoukhuede tana tura ma'aikatan gwamnatin Najeriya Oxford bisa sharaɗin su dawo su ci gaba da aikin gwamnati. A Asiya ma akwai makarantar Lee Kuan Yew a Singafo, da KDI a Koriya ta Kudu, da GRIPS a Tokyo, waɗanda ke ba 'yan ƙasashe masu tasowa gurabe da tallafi, kuma darasin da mutum zai ɗauko daga ƙasashen da suka fita daga talauci a cikin ƙarni guda ba ƙarami ba ne.

Ka rubuta wa jami'ar ka tambaya ko za ta ɗage maka gurbin zuwa baɗi. Ka nemi aiki, ko da na sa kai ne a wata ƙungiya mai bin diddigin kasafin kuɗi ko mai aikin ilimi ko noma. Ka fara neman takardar cikakken sakamakonka daga jami'arka tun yanzu, domin fitar da ita kan ɗauki lokaci, ka kuma shirya jarrabawar Turanci ta IELTS idan makarantar da kake hari tana buƙata. Wajen rubuta takardar bayanin kai, abin da ke kayar da matasanmu shi ne kowa ya ce yana so ya kawo sauyi a Najeriya. Masu tantancewa sun karanta wannan jumla har sun gaji. Wanda ya ce ya lura da yadda takin tallafi ke isa ga manoman masara a ƙaramar hukumar Giwa bayan an wuce lokacin zuba shi, kuma yana so ya koyi yadda ake gyara tsarin rabo, shi ake kira ganawa.

TAMBAYA: Idan na samu wannan digiri za a ƙara mini girma a wurin aiki? Kuma zan iya neman shiga Kuru da shi? Daga wani ma'aikacin ƙaramar hukuma a Azare.

AMSA: Ƙarin girma a aikin gwamnati ya rataya ne a kan shekarun da aka yi a mataki, da jarrabawa, da samuwar gurbi, don haka takardar digiri na biyu ba ta ɗaga mutum da kanta, sai dai ta taimaka idan ana zaɓe tsakanin mutum biyu ko ana neman wanda za a ba sashen tsare-tsare da bincike. Ka tabbata ka samu izinin karatu a rubuce kafin ka fara, in ba haka ba za ka sha wahala wajen shigar da takardar cikin fayil ɗinka. Cibiyar nazarin manufofi da dabaru ta ƙasa, NIPSS, da ke Kuru kusa da Jos, wadda aka kafa a 1979, ba a shiga babban kwas ɗinta ta hanyar cike fom kamar jami'a. Ma'aikatu da rundunonin tsaro da jihohi da ƙungiyoyin ƙwararru ne ke gabatar da sunayen manyan jami'ansu, waɗanda suka kammala kuma su ne ke sa haruffan mni a bayan sunansu. Wannan mataki ne na gaba can, ba madadin digiri na biyu ba.

TAMBAYA: Na gama lasisi, wato digirin farko, a fannin tattalin arziki a nan Nijar, ina so in yi digiri na biyu a Kano ko Zariya, kuma ina son bincikena ya zama a kan manufofin kasuwanci a Afirka ta Yamma. Ku ba ni shawara. Daga wani ɗalibi a Maraɗi.

AMSA: Malam, ka fara da rubuta wa makarantar karatun gaba da digiri ta jami'ar da kake so, ka aika da takardunka a fassare da hatimi, ka nemi su faɗa maka a rubuce matsayin da za su ba lasisinka, tunda shekara uku ake yin sa a tsarin da Nijar ke bi, digirin farko na Najeriya kuwa shekara huɗu ne. Sharaɗin hidimar ƙasa da ake gindaya wa 'yan Najeriya bai shafe ka ba, amma Turanci ya shafe ka, domin Hausa za ta ishe ka a kasuwa da masauki, ba za ta rubuta maka kundi ba.

Taken da ka zaɓa kuwa ya yi faɗi ƙwarai, kuma wannan ita ce cutar da ta fi kama ɗaliban fannin: mutum ya ɗauko yanki guda na nahiya, ya ƙare da tattara maganganun wasu ba tare da ya gano kome da kansa ba. Alhali kana zaune a kan abin da masu bincike daga Turai ke biyan kuɗin jirgi su zo su gani. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agustan 2019 da sunan hana fasa-ƙwaurin shinkafa da fetur, ba ta fara buɗe su ba sai Disambar 2020, sannan aka sake rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023. Ka ɗauki hanya ɗaya, Maraɗi zuwa Jibiya zuwa Katsina, da kaya ɗaya ko biyu, wake ko gero ko dabbobi, ka tambayi abin da rufewar farko ta yi wa farashinsu a ɓangarorin biyu, da wanda ya ɗauki asarar tsakanin manomi da dillali da mai saye. Ka kwatanta da wata kasuwa mai nisa da iyaka, domin ka raba tasirin rufewar da na damina da na annobar korona da ta faɗo a tsakiyar lokacin. Nijar tana da tsarin tattara farashin kayan gona a kasuwanni, hukumar ƙididdiga ta Najeriya ma tana fitar da farashin abinci jiha-jiha kowane wata, sauran kuma ka cike da hira da 'yan kasuwa da direbobi, waɗanda za su faɗa maka da Hausa abin da ba za su faɗa wa baƙo ba. Ka nemi rubuce-rubucen cibiyar bincike ta LASDEL da ke Yamai a kan yadda ma'aikata ke aiki a zahiri saɓanin abin da doka ta rubuta, za su nuna maka yadda ake irin wannan hira. Kafin ka biya kuɗin rajista kuma, ka binciki ko akwai malami a sashen da ya taɓa aiki a kan kasuwancin kan iyaka, ka aika masa da bayanin bincikenka a shafi ɗaya, ka ji ko zai karɓi duba aikin.